Ɗigo Bakwai a Gefen Kwamfutar Malam Gide

A gefen hagu na fuskar kwamfutar Malam Gide akwai ɗigo bakwai na jan farce, a jere daga sama zuwa ƙasa. Mu shida ne kan benci a shagonsa na ɗaukar hoto a Faskari, ban ga wanda ya kula da ɗigon ba. Hoton fasfo na bautar ƙasa ya kai ni, a lokacin da kowa ke cike fom.

Malam Gide ya fara sana'ar tun ana gyara hoto da fensir da burushi. Bai yi boko ba. Da kwamfuta ta zo, ɗiyarsa Baraka ce ta tsara masa manhajar gyaran hoto. Ta rufe duk akwatunan da ba ya buƙata, ta jawo kayan aiki bakwai zuwa hagu saboda shi bahago ne, ta ɗiga wa kowanne alama. Da mazauninsu yake gane su, ba da suna ba. Baraka ta rasu da damina, zazzaɓin kwana huɗu. Bayan wata biyu kwamfutar ta lalace, mai gyara a Funtua ya wanke ta, komai ya koma yadda ya fito daga kamfani.

Ran nan sai lalube yake, yana buɗe wannan yana rufe wancan.

"Malam, sai mun tsufa hoton ya daina kama da mu?" in ji wani ɗan garin Sheme.

"Ga hanyar Funtua nan, Alhaji. Ni ma daga yau rufewa zan yi," in ji Malam Gide.

Ɗaya bayan ɗaya suka tashi. Sai da benci ya rage ni kaɗai na iya buɗe baki.

"Baba, ko in gwada? Ka faɗa mini aikin kowane ɗigo."

Ya matsar da kujera. "Na sama shi ke yanke gefe. Na biyu mai share ƙuraje, 'yan mata ba su yafe shi." Ina nemo su, ina jawowa daidai alamarsu. Muka yi shida. Muka zo kan na bakwai.

"Wannan ita ke taɓa shi a ƙarshe, ɗiyata. Kullum sai ta ce, Baba, bari gobe in koya maka."

Na nuna masa kaya sun fi goma, yana girgiza kai.

"Bar wurin haka," ya ce.

Na adana tsarin. Da guda shidan ya gyara fasfona, a hankali, ya kuma ce in na bi ta tasha in gaya wa ɗan Sheme ya dawo gobe. Da aka kira la'asar ya goge fuskar kwamfutar da hannun riga, yana kauce wa ɗigon, ya lulluɓe ta da tsohon ɗankwali, ya ɗauki butarsa.