Gidan Wan Mai Koriyar Ƙofa

Tun ina yaro, duk wanda za a yi wa kwatance a unguwarmu ta Gangara, daga ƙofar gidanmu ake farawa. Mahaifinmu ne ya haƙa rijiya a nan kafin a haife ni. Sai ka ji ana cewa, in ka kai gidan rijiya ka yi gabas, ko kuma, gidan da ke bin gidan rijiya, mai darnin kara. Har direbobin da ke zuwa daga Isa sun san sunan. Da tsoho ya rasu, da yake ni ne babba, gidan ya dawo hannuna da rijiyarsa da sunansa, Inna kuma tana ɗakinta na ƙurya. Ban taɓa ɗaukar sunan nan a bakin komai ba sai da ya fara suɓuce mini.

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, bai zauna noma ba. Fatauci ya kama tsakanin Sabon Birni da Nijar, Allah kuma ya buɗa masa. Ya sayi filin da ke kallon gidanmu, ya yi ginin bulo, ya sa ƙofar ƙarfe, ya shafe ta da koren fenti mai ɗaukar ido. Na je na sa albarka, na ci tuwon tarewa har da ƙari. Ginin bai tsone mini ido ba, kowa da rabonsa.

A 'yan shekarun nan mutanenmu suka koyi sayen kaya ta waya. Atamfa, fitila mai caji, takalmin yara, sai ka latsa, a turo. Kayan su sauka Sakkwato, a ɗoro su a mota zuwa tashar Sabon Birni, daga nan 'yan kabu-kabu su shiga da su ƙauyuka. Wannan ƙarashen tafiyar shi ne aiki. Gidajenmu ba su da lamba, lungunanmu ba su da suna, sunan da ke jikin kwali kuwa na yanka ne, wanda maƙwabcinka ma ya manta kana da shi. Sabis sai ya ga dama yake zuwa. Ga hanya yadda ta koma, ba mai son la'asar ta riske shi a daji. Ɗan kabu-kabu ya zagaya ya zagaya, in bai dace ba ya juya da kayan mutane.

Sai kamfanin da ke raba kayan ya turo wani ma'aikacinsa ya bi gida gida, yana ɗaukar hoto, yana saka kwatancen kowane gida a waya, don ko baƙon ɗan kabu-kabu ya zo kai tsaye. Ranar da ya shigo unguwarmu na tafi kasuwar Bafarawa neman san huɗa. Da na dawo aka ba ni labari, na ce madalla, na manta.

Bayan kwana biyu ina zaune bakin rijiya ina ɗaurin guga, babur ya tsaya a gabana da babban kwali a baya. Injin feshi ne ɗana da ke Sakkwato ya saya mini. Mai babur ya duba waya, ya dube ni.

"Baba, ina gidan wan mai koriyar ƙohwa shike?"

Na ce ya maimaita, ya maimaita. Ya ma juyo mini wayar don in taimaka masa. Ƙofar ƙanena ce ta cika hoton, katangata kuwa ɗan gefenta kawai ya shiga, kamar wanda ya leƙo hoton biki ba a gayyace shi ba. Rijiyar ba ta fito ba sam. Na karɓi kayana a ƙofar gidan ubana a matsayin wan wani.

Kishi ne ya kama ni, ba zan sa masa wani suna ba. Da abin ya tsaya a wayar 'yan kabu-kabu da sauƙi, amma sai ya shiga bakin mutane. Masu tallar fura suka ɗauka, masu kurar ruwa suka ɗauka. Na ji da kunnena wani dattijo, wanda ya sha ruwan rijiyar nan har haƙoransa suka zube, yana yi wa baƙonsa kwatance daga koriyar ƙofa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsarin yana aiki. Kaya sun daina komawa. Maiɗakina, wadda a da take jiran turmin atamfa har bikin ya wuce, ta ce ita dai ko gidan wan mai jaki za a rubuta, in kaya za su iso, ba ruwanta. Ranar ban ci tuwonta da daɗi ba.

Na ce to, tunda abin na ɗaukar ido ne, ni ma na iya. Na sayo siminti, na ɗaga bakin rijiyar har ƙugu, na shafe shi da farin fenti, na kafa sabbin itatuwan guga. Ta yi kyau ƙwarai. 'Yan kabu-kabu suka ji daɗi, suka mai da wurin matsayarsu, suna shan ruwa suna wanke babura. Sai na ji ɗayansu yana gaya wa abokinsa a waya ya same shi a farar rijiyar nan ta gaban koriyar ƙofa.

Na hau mota na tafi tashar Sabon Birni, wurin wakilin kamfanin. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce ana iya gyarawa, amma sai in ma'aikacin ya sake zagayowa, bai kuma san yaushe ba. Ya ƙara da cewa su ba sa ƙirƙirar kwatance, abin da mutanen gida suka faɗa shi ake sakawa. A nan na gama yanke hukunci. Wa zai faɗi haka in ba mai ƙofar ba?

Mun saba cin tuwon magariba tare da ƙanena a ƙofar gidana, sai na fara ci a ciki. In ya gaishe ni, in amsa a taƙaice. Ya kawo mini dabino daga Nijar, na ba yara a gabansa. Da abin ya ishe shi, ya tare ni bayan sallar Juma'a ya tambayi laifinsa. Na zazzage masa duka. Ya fara dariya, da ya ga fuskata ya haɗiye ta.

"Wallahi Yaya, rannan ina Nijar. Inna ta mai hoton yat tarar cikin zaure, ita za ka tambaya."

Washegari da hantsi na shiga ɗakin Inna. Tana tsinkar zogale a faranti. Na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na kawo maganar mai ɗaukar hoto. Ta tuna shi sarai, ta ce yaro ne mai ladabi. Ya yi sallama ba kowa, matan gida sun tafi barka, sai ita ta fito. Ya tambayi kwatancen gidan, ta ce gidan rijiya. Ya ce wayarsa ta riga ta cika da gidajen rijiya, kowace unguwa da nata, yana son abin da zai bambanta.

"Sai yac ce in hwaɗi sunan mai gida," in ji ta, idonta a kan zogale. "Ni ko bakina bai taɓa kama shi ba. Nad dubi waje, nig ga ƙohwar ƙanenka, nac ce mishi wan wancan na."

Ni ne ɗanta na fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, daga kai sai wannan, ko ta aiko a ce mai gida ya zo. Duk rayuwata girma na ɗauki abin, nakan ma yi wa ƙanena gori da shi muna yara.

Ta ɗago ta tambaye ni ko ta yi ɓarna. Na ce a'a, Inna, daidai kika faɗa.

Ta ce to, ta ci gaba da aikinta. Can ta ji ƙarar buɗe ƙofar ƙarfe daga tsallaken hanya, ta tuna tana da saƙo wurinsa. Ta ɗaga murya ta kira shi da sunansa, ta ja ƙarshen sunan yadda take yi tun yana rarrafe. Ya amsa daga can. Ni ina zaune a bakin tabarmarta, da hulata a gwiwa, ina sauraro.