Akwatin Baba Hatimi

Shekara ashirin da uku Baba Hatimi yana kan teburi guda, kuma bai taɓa buga wa takarda hatimi ba sai ya karanta ta tsaf. Da manaja ya sa shi zaɓo manhajar zana yadda aiki ke tafiya, abokinsa ya ja shi gefe: "Baba, ɗauki mai zana ma'aikata a akwatuna da kibiyoyi kawai." Ya ƙi, wai shi ba ya aikin ganin ido. Ya ɗauko mai shafa ja a inda takarda ta fi daɗewa.

Ranar taro, akwati ɗaya ya yi jawur a allo. Nasa ne.

Manaja ya goge akwatin, ya haɗe kibiyoyin. "Baba, ka iya zaɓe. Bar hatimin wajen mai gadi."