Sada Wanzami Bayan Ya Makance

Sada wanzami, Allah ya jiƙansa, iyayensa Katsinawa ne, amma a Jalingo ya yi rayuwarsa, zamanin Turawa. Da ciwon ido ya cinye masa gani, masu zuwa aski suka watse. Wa zai miƙa wa makaho maƙogwaronsa? Matarsa Furera ta ce ya ajiye zabira ya huta. Ya ce shi bai ga hutu a jiran tuwon wani ba.

Ran nan Manga, mai kai gishiri garin Mutum Biyu a jaki, ya zo da ciwon baya yana neman ƙaho. Mutum ne mai gargasa gaba da baya, ƙaho kuwa ba ya kama fata sai an aske.

Manga ya ce, "Baba Sada, ashe da gaske ba ka gani? Bari in nemi wani."

"Kai, zauna! Kai ɗin ka taɓa ganin bayan naka ne?"

Manga ya yi dariya ya tuɓe riga. Sada ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi da sabulun salo, ya yi bisimilla. Hagu na lalube tana miƙe fata, dama na bi da aska a hankali, har ya gama ba ƙwarzane. Ƙaho ya kama.

Manga ya juyo ya ba shi ƙirji ma. Askin kai da gemu dai bai dawo wa Sada ba, amma da labari ya bazu, fatake masu gargasa masu neman ƙaho suka riƙe shi, da askarsa ya ci abinci har ya rasu.