Matakala Uku a Ƙofar Evaristo

Shekara arba'in da ɗaya bango ɗaya ne tsakanina da Evaristo Pinzón, masassaƙin dutse. Rabin matakalan ƙofofin garinmu, nan cikin tsaunukan Santander, hannunsa ne ya fitar da su. Mutum ne marar magana. Matarsa Herminia ita ce bakin gidan. Kullum da la'asar sai ta fito da kujerarta bakin titi kamar kowa, tana gasa wainar masara tana yi wa mai wucewa tsiya, ko limamin coci ba ta ƙyale shi ba.

Da ɓarin jikinta ya shanye, titinmu ya yi tsit. Ƙofarsu irin ta dā ce, 'yar siririya, ga matakala uku masu tsayi kafin a sauko. Keken guragu ba ya wucewa, Evaristo kuwa ya haura saba'in da biyar, ba zai iya ɗaukarta ba. Wata huɗu tana ɗaki tana kallon rufi, ita da ba ta iya yini ba ta ga mutane ba.

Sai ya yi yadda iyayenmu suke yi. Ya sami Abelardo, shugaban kwamitin da ke kula da fuskar tsofaffin gidaje, a wurin shan kofi, ya faɗa masa damuwarsa.

"Haba, aboki! Saboda Herminia?" in ji Abelardo. "Je ka fasa abinka."

Suka yi musafaha. A wurinmu magana ta ƙare ke nan. Evaristo ya faɗaɗa ƙofar da taƙi ɗaya da rabi, ya cire matakalan, ya shimfiɗa gangara da irin ruwan ɗorawar dutsen nan namu. Ranar da ya turo ta waje, ni ta fara kamawa.

"Ke Rosalba, har yanzu kina shanya yagaggen siket ɗin nan a idon jama'a?"

Na yi dariya har da hawaye.

Kafin shekara Abelardo ya rasu. Kwamiti ya koma hannun mutanen Bogotá, babban birnin ƙasarmu, da suka sayi gidaje a nan, masu ganin sun fi mu son garinmu. Takarda ta zo, aka kira taron unguwa. Sabuwar shugabar, wata mai zanen gine-gine wai ita Ximena, ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga, da na sami abin zagi.

"Baba Evaristo, ba mu ce aikin bai yi kyau ba. Ina takardar izini?"

"Abelardo ya ba ni hannunsa, 'yata."

"Ba mu ga komai a rubuce ba, Baba."

Ta miƙo masa hoton titinmu na shekara sittin da suka wuce, ta ce haka ƙofar za ta koma. Ya daɗe yana kallo.

"Matakalan nan ai ni na sassaƙa su," in ji shi. "Aikina ne na sati biyu. Yaushe suka zama tarihi?"

Ta ce idan aka bar shi, gobe kowa zai fasa nasa, baƙi 'yan yawon buɗe ido da ke ciyar da garin su daina zuwa. Yana iya neman izini, amma sai ya mayar da ƙofar tukuna. Sannan ta tambaya ko akwai maƙwabcin da ke da ta cewa. Ni, mai bakin da ya isa, na sunkuyar da kai. Akwai kwano shida da na rufa a kicin ɗina ta baya ba da izinin kowa ba. Su suka ɗaure mini baki, kuma har gobe ina jin kunyar wannan shirun.

Aka ba shi kwana talatin, in ya ƙi a turo leburori da siminti. Siminti a ƙofar Evaristo! Wannan ne bai iya haɗiyewa ba. Ya jawo tsofaffin matakalan daga bayan gida, ya ɗauki gudumarsa. Ta cikin bango na ji Herminia.

"Tsoho, me kake bugawa kuma?"

"Ɗan gyara ne, tsohuwa."

"Ƙarya ba ta taɓa yi maka kyau ba." Sannan ta ce, "In rufe ni za ka yi, to ka yi aikin da kyau. Kada su ce mijina ya tsufa."

Ya yi shi da kyau kuwa. Baƙi har tsayawa suke suna ɗaukar ƙofar hoto. Takardar neman izini ta tafi birni, kullum a ce ana dubawa. Shi kuma tun daga ranar bai sake taɓa guduma ba. Ina shiga wurinta kowace la'asar in kai mata labarin titi, amma ta daina tsiya, sai dai ta ce, "To."

A wata na tara ta cika. Akwatin gawar bai wuce ƙofar a miƙe ba, sai da maza huɗu suka karkata shi, yana gugar bango. Evaristo yana tsaye a titi, hularsa a hannu. Da suka taka matakala ta farko ya ɗago hannu.

"A hankali da ita," in ji shi. "Ta daɗe ba ta fito ba."