Ɓarakar da Dabo Ya Toshe

Idan ka shiga Gangaren Kanya, wani ɗan ƙauye da ke gefen Minjibir, ka tambayi manomin shinkafar da ya fi kowa iya ban-ruwa, kowa Dabo zai ce maka. Idan kuma ka je ka faɗa wa Dabo haka, sai ya sunkuyar da kai ya kama wata maganar. Baƙi sukan ɗauka tawali'u ne. Ba tawali'u ba ne, abin da ke ransa ne yake hana shi ɗaga ido.

Dabo ɗan Malam Khalilu ne, kuma tun yana ƙarami aka san shi da tattali. Shi ne yaron da ake ba ƙuli-ƙuli da safe, a gan shi da ragowa a aljihu bayan la'asar. Ya girma, halin ya girma tare da shi. In sabulu ya siɗe ya zama ɗan mitsitsi, manna shi yake a jikin sabo. Matarsa Hure takan ce da ana iya tsamo gishiri daga miya a sake wata miyar da shi, da tuni Dabo ya kafa wannan doka a gidan. Amma ita ma ba ta kiransa marowaci, don ba a taɓa kwana da yunwa a gidansa ba. Ɓarna ce kawai ba ya iya gani ya yi shiru.

A wannan yanki babu daji. Inda gonarka ta ƙare, nan ta wani ta fara, in ka yi atishawa ma maƙwabci ne zai ce maka yarhamukallahu. Da Malam Khalilu ya rasu aka raba gado, 'yan'uwa suka ɗauki gonakin gero da dawa na tudu, Dabo ya samu fadama da rijiyarta da tsohon injin ban-ruwa. Nan yake noman rani, shinkafa kamar yadda ubansa ya yi: a tayar da inji, a cika fangali taf, a bar ruwa yana kwance tun daga dashe har kusan girbi.

A ƙasa da gonarsa akwai ɗan fegin Baba Mati, tsohon abokin mahaifinsa. Baba Mati ba shi da inji, ba shi da rijiya, ɗansa namiji ya rasu ya bar masa jikoki, sana'arsa ta gefe ita ce tufka igiya. Duk da haka kowane rani yana noma shinkafar da za ta riƙe gidansa, saboda a jikin datsin ƙasar da ya raba gonakin biyu akwai wata 'yar ɓaraka. Asalinta ramin ɓera ne. Duk sanda gonar sama ta cika, ruwa ya riƙa tsiyaya ta nan yana gangara wa ta ƙasa. Malam Khalilu ya yi shekaru yana tsallake ɓarakar nan da fartanya a kafaɗa, bai taɓa toshe ta ba. Baba Mati bai roƙa ba, ba a kuma ce an ba shi ba, don haka ba wanda ya zama mai bara, ba wanda ya zama mai sadaka. Sai dai duk girbi akan ga akushin tuwon sabuwar shinkafa ya fito daga gidan Baba Mati ya shiga gidan Malam Khalilu, a ci, ba a tambayi dalili ba.

Sai shekarun matsi suka zo. Man fetur ya yi tashin da mai inji sai ya yi addu'a kafin ya ja igiya. Taki ya bi sahu. Ruwan rijiya ya yi ƙasa, inji ya riƙa tari yana zuƙo iska. Wani ranin sai da Dabo ya sayar da tunkiyar Hure ya zuba wa injin, aka kuma yi girbi bai iya mayar mata ba. Da yawa daga manoman fadamar suka haƙura da shinkafa. Dabo kuwa in ya ji ƙarar injin, ji yake kamar jininsa ake zuƙa.

Ana cikin haka wani malamin gona mai suna Abdussalam ya zo fadamar da guntun bututun roba mai huje-huje a jiki. Ya kafa shi a tsakiyar fangali, ya kwashe lakar da ke ciki, ya ce wa manoma, “Shinkafa ba kifi ba ce. Ku ba ta ruwa, ku bar shi ya shanye. Ko kun ga saman ƙasa ya bushe kar ku tayar da inji, ku leƙa nan tukuna. Muddin ruwan da ke cikin bututun bai sauka ya kai taƙi guda ba, saiwa tana sha. Lokacin da take fitar da kai ne kaɗai ba a yi mata wasa da ruwa.”

Mutane suka yi dariya, wani ya ce in haka ne gara su shuka gero su huta. Dabo bai yi dariya ba. Mutumin da ke manna guntun sabulu an ce masa zai iya kashe inji ya kuma sami shinkafa, ai an sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ja malamin zuwa gonarsa. Suna zagayawa malamin ya tsaya a kan ɓarakar.

“Wannan fa, Malam Dabo? Ai ta nan manka yake zurarewa.”

“Ta daɗe a nan,” in ji Dabo.

“To a toshe ta. In ba haka ba, bututun ƙarya zai riƙa yi maka.”

Malamin baƙo ne, bai san wanda ke sha ta nan ba. Dabo ya sani, bai kuma faɗa ba. Ya jira ranar kasuwa, ranar da Baba Mati kan tafi sayar da igiya, sannan ya kwaɓa laka ya cusa a ramin, ya daddanne da diddige, ya dasa ciyawa a kai. Daga baya duk wani uzurin da ya kawo wa kansa, wannan jiran ranar kasuwa ne yake rushe shi.

Dabarar kuwa ta yi aiki, ba wanda zai ce ba ta yi ba. Ranar farko da ƙasa ta fara tsagewa Dabo ya ruga ya zura hannu a bututun, ya ji sanyin ruwa, ya sauke ajiyar zuciya. Shinkafa ta kafa saiwa, ta yi 'ya'ya, ta tsaya da ƙafarta ba ta kwanta ba. Man da a da ba ya kai shi ko'ina ya riƙa yin auki. A ƙasa da shi kuwa Baba Mati ya rataya garwa biyu a sanda, yana ɗebo ruwa daga wani kududdufi da ya rage a rafi. Ya zuba, ƙasa ta shanye kafin ya juya baya.

Kullum da safe tsohon zai ɗago hannu. “Dabo, an tashi lafiya? Ya ruwa?”

“Da godiya, Baba.”

Har zuwa tsohon ya yi ya leƙa bututun, ya jinjina kai ya ce zamani ya zo da hikima. Bai dubi wajen datsin ba ko sau ɗaya, wannan rashin duban kuma ya fi zagi ciwo. Dabo ya riƙa ce wa kansa ai man nasa ne, ai shi ma yana da bakunan ciyarwa, ai in tsohon ya yi magana zai buɗe. Ya kuma san sarai mutumin da ya yi shekaru bai roƙi ubansa ba, ba zai fara da ɗan ba.

Wata rana Hure tana zuba masa abinci ta ce, “Na haɗu da Inna Furera, matar Baba Mati. Ta ce shinkafarsu ganye ya fara naɗewa.”

Dabo ya ajiye lomar da ya ɗauka. “Ruwan nawa ne ko nasu?”

“Naka ne, Malam. Ni ban ce komai ba.”

Bai ƙara cin abincin ba.

Da shinkafa ta yi ciki ta fara fitar da kai, Dabo ya cika gonarsa taf kamar yadda aka koya masa, ya kuma yi niyyar buɗe ɓarakar, Allah ya sani ya yi niyya. Ya ɗauki fartanya ya nufi wajen, sai injin ya yi tari ya mutu, tsoro ya kama shi, ya ce bari a gyara tukuna. Da aka gyara, malamin gona ya kawo manoman wani ƙauye kallon gonar, ya ji nauyin a gan shi yana fasa abin da aka yabe shi a kai. Haka gobe ta riƙa haifar gobe. Ranar da ya sa fartanya ya fasa datsin, kawunan shinkafar Baba Mati sun riga sun yi fari, in ka murza ba komai sai ƙaiƙayi. Ruwan ya gangara yana shigewa cikin tsagar ƙasa.

Baba Mati ya ajiye garwarsa, ya tako a hankali ya tsaya yana kallo. Sannan ya ce, “Rufe abinka, ɗana, kar ka yi asarar mai. Ta riga ta tafi.”

Tun da ɓera ya haƙa ramin nan, ranar ce aka fara ambatonsa da baki tsakanin gidajen biyu. Dabo ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, tsohon ya riga ya koma yana tattara igiyar garwarsa.

A wannan shekarar Dabo ya sami shinkafar da ubansa bai taɓa samu ba a gonar. Ya saya wa Hure tunkiya har da 'yarta. Sunansa ya zaga ƙauyuka, ana hawa mota a zo ganin bututunsa. Ya fitar da zakka ya aika gidan Baba Mati da yamma, ya hana a ce daga ina take, kamar akwai wanda bai sani ba. Aka karɓa, aka yi addu'a. Shi dai tuwon sabuwar shinkafar bai yi masa daɗi a baki ba.

Damina ta zo ba ta yi kyau ba. Da rani ya sake kawo kai, Dabo ya shirya maganarsa tsaf, ya je zauren Baba Mati ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce bana tiyo zai ja har cikin fegin, ruwa da mai duk a wuyansa.

Tsohon ya ci gaba da murza igiya a cinyarsa. “Allah ya yi albarka. Sai dai fegin ba ya hannuna. Na ba da shi jingina tun tsakiyar damina, da hatsi ya yanke mana. Wani mutumin birni ne, ya ce albasa zai sa.” Sannan ya ɗago. “Amma tunda Allah ya kawo ka, ina da roƙo. In za ka ɗauki masu dashe, kar ka tsallake ni don tsufa. Bayana ne kawai ke ciwo, hannuna na nan.”

Dabo ya ce ai ba sai ya yi aiki ba, duk abin da ake bukata a gida a aiko kawai. Baba Mati ya ce shi aiki ya roƙa.

Haka aka yi. Ranar dashe tsohon ya naɗe wando ya shiga laka cikin sahun 'yan ƙwadago, sa'annin jikokinsa. Dabo ya kasa tsayawa a kan datsi yana duba aiki, ya koma wajen inji yana ta goge abin da ba shi da datti. Da la'asar aka zo sallama, Dabo ya dunƙule kuɗin tsohon da ƙari a ciki ya miƙa da sauri. Baba Mati ya buɗe hannu, ya ware ƙarin ya mayar masa, ya riƙe daidai abin da aka ba kowa.

“Na gode, maigida,” in ji shi. “Gobe ma da sassafe ne?”