Gidan da Muka Ƙi Kamawa a Bakin Gusau

Ranar da takardar ɗaukata aiki ta zo, Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Wani kamfanin gurzar auduga ne a Gusau ya ɗauke ni in riƙa kula da sito, bayan na shekara huɗu da gama karatu ina zaune a 'Yandoto, kusa da Tsafe, ina noma gonar da Baba ya bar mana. Da mutane suka watse, Inna ta zauna bakin murhu. Can ta ɗago ta ce, "To, ina za ka riƙa kwana?"

Na ce mata gida mana. Tsakanin Tsafe da Gusau ba wata tafiya ba ce, in fita da safe, in dawo kafin la'asar sakaliya. Matata ma ta goyi bayana, don lokacin tana da ƙaramin ciki, ga awakinta, ga keken ɗinkinta da matan unguwa suka saba kawo mata aiki. Inna ta ci gaba da hura wuta.

Wata biyu na yi ina wannan zirga-zirga. Na koyi abin da duk mai bin hanyar ya koya: ba a shiga motar farko, ba a shiga ta ƙarshe. Kafin ka zauna sai ka tambayi direba ko motoci na fitowa daga Gusau. In aka ɗan jima ba a ga mota ta taho daga can ba, sai hira ta mutu a cikin motar, kowa ya kafa wa titi ido.

Wata Talata da hantsi, cikin damina, muna dab da duwatsun Kwatarkwashi, sai muka ga motoci na tahowa a guje, fitilu a kunne, direbobi na fito da hannu suna kaɗawa. Direbanmu ya taka burki ya so juyawa, ƙafar baya ta faɗa lambatu. Ba wanda ya ce a fita, amma kafin in ankara ina cikin gonar dawa ina gudu. Na faɗi, na ja ciki, na kwanta tsakanin kunyoyi biyu. Kusa da ni wani dattijo ne ɗan kasuwa da muka zauna kujera ɗaya, ya kifa fuskarsa a laka yana ta maimaita kalmar shahada. Muka ji harbi, muka ji rurin babura masu yawa, wani lokaci kamar suna nesa, wani lokaci kamar a bayan kunnena. Wayata na cikin aljihu, na tuna ban kashe ƙararta ba, kuma na kasa motsa hannu in kashe. Duk tsawon kwanciyar nan abin da nake roƙo ke nan, kada Allah ya sa wani ya tuna da ni ya kira.

Ban ga ko mutum ɗaya daga cikin 'yan bindigar ba. Da aka fara jin motoci na wucewa muka fito ɗaya bayan ɗaya, aka tura motarmu. Gaba kaɗan muka wuce wata mota a tsakiyar titi, ƙofofinta huɗu a buɗe, ba kowa a ciki, ga kwanon abinci ya kife a ƙasa, shinkafa ta watse. Na isa wurin aiki da takalmi ƙafa ɗaya. Shugabanmu ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in je in wanke jikina, sa'an nan ya ce, "Malam, ka nemi wurin zama cikin gari."

Na fara tunanin Kawu, ƙanin Inna, da ke Bungudu. Gidansa babba ne, kuma daga can zuwa Gusau ya fi kusa. Na je ranar Lahadi. Ya tarbe ni, aka kawo fura, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ɗaki kam ga shi nan, har uku, duk wofi. Amma ka san mi ya sa sunka zama wofi? Iyalina na tura Gusau wajen surukaina. In ka samu gida can, ni ma ka cigita mini."

Haka na koma neman gidan haya. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dillali, dattijo mai furfura, mai tsohon babur da yawan fara'a. Kwana uku muna yawo bayan na tashi aiki. Gusau ta cika maƙil, mutanen ƙauyuka sun kwararo, ko shagon ƙofar gida sai ka tarar da iyali a ciki. Abin da muka gani a tsakiyar gari, ko dai ya fi ƙarfina, ko kuma ɗaki ne da ko akuya ba ka so ka ɗaure a ciki. A rana ta huɗu ya ce, "Akwai wani gida, in ka gan shi ba ka ƙara duba wani. Ka zo da maiɗakinka ta gani."

Ranar Asabar na ɗauko ta. Muka bi dillalin a Keke, muka wuce inda kwalta ta ƙare, muka nufi wajen hanyar Magami. Gidan sabo ne, shi kaɗai cikin katangarsa: ɗaki uku, ɗakin girki, rijiya mai murfi, ga bishiyar mangwaro matashiya a tsakar gida. Kuɗin hayar da ya faɗa bai kai na ɗaki guda a cikin gari ba. Matata ta shiga tana shafa bango. Ta nuna inda za ta ajiye keken ɗinki, ta nuna inda za a kafa wa awaki turke. Rabon da in ga fuskarta haka tun kafin ranar Kwatarkwashi.

Ni kuma ina tsaye da dillali a zaure yana ta jana da hira. A ina nake aiki? Wane matsayi? Kamfanin na biya a kan kari? Ina da mota, ko ina shirin saye? Mahaifina na da rai, yana da shanu? Na amsa ta farko kafin in farga. A lokacin nan ba maganar da ake yi a majalisa da masallaci kamar ta masu kai wa 'yan bindiga rahoto, mutanen da kuke ci tare ku yi salla tare, su ne za su faɗi gidanka da abin da ka mallaka. Na dubi furfurarsa, na dubi murmushinsa, na kasa gane komai. Na ce masa ni ɗan aike ne kawai a kamfanin, ba wani abu ba.

Na fita na zagaya bayan gidan. Daga katangar sai gonaki, daga gonaki sai daji, ba gini ko ɗaya. Na dawo ta gaba ina duba layin. Gidaje shida ne, huɗu da kwado a ƙofa, ciyawa ta rufe dokin ƙofarsu. Ba kukan yaro, ba kaza, ba hayaƙin girki, alhali rana ta take. Sai a lokacin na lura da ƙofar gidan da muka zo gani: ƙyauren sabo ne fil, amma ginin da ke riƙe da shi an yi masa facin siminti daga sama har ƙasa.

A gindin wata bishiyar bedi da ke gaban layin, wata tsohuwar Bafulatana ta sauke ƙwaryar nononta tana hutawa. Matata ta fito ta ce tana jin ƙishi, muka je ta dama mana fura. Tsohuwar na damu tana satar kallonmu.

"Ku ne za ku shiga gidanga?" ta tambaya.

Matata ta ce, "In Allah ya yarda, Inna."

Ta ci gaba da juya ludayi. Ta waiga ta ga dillali na can zaure yana waya, sa'an nan ta rage murya. "Mai gidanga mutumin kirki ne. Kullum matarsa na sayen nonona. Da sunka zo, ƙofar sunka ɓalle. Wata biyu ya yi hannunsu. An sako shi, amma bai ƙara taka unguwarga ba, ko kayansa wasu ya aiko sunka kwashe."

Na ce, "Ke a ina kike zaune, Inna?"

Ta nuna wani kango da ba a gama ba, an rufe tagoginsa da buhuna. Ta ce rugarsu na can wajen Magami, an kore musu shanu kaf, an kashe babban ɗanta da ya bi sawu. Yanzu nonon ma sarowa take yi. "Can ba mu tsira ba, nan kuma in na wuce sai a riƙa nuna ni da baki. Don Allah kada ku ce ni na faɗa muku."

Matata ta ajiye ludayin, ba ta ƙara kurɓa ba. Na ga hannunta ya koma kan cikinta.

Da muka koma, na tambayi dillali me ya sami ƙofar. Fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "An faɗa maka ke nan. Malam, abin ya kwana biyu, kuma yanzu an sa 'yan sintiri. Ni aka ba gida in samo mai shiga, ni ma iyali gare ni." Na ce mun gode, za mu yi shawara. Muka hau Keke muka nufi tasha.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar kanta wuya. Na koma kwana a ɗakin abokin aikina, ita tana 'Yandoto wurin Inna, ni kuwa ba abin da ke yawo a kaina sai cewa mutumin nan ya san inda nake aiki, ya san garinmu, ya ga matata. Na daina fita ta babbar ƙofar kamfani. In babur ya rage gudu kusa da ni sai in raɓe jikin bango. Ana haka sai lambarsa ta fara shigowa wayata. Ya kira da safe, ya kira da azahar, ya kira washegari. Ina kallo har ta katse. Kwana uku ban ɗauka ba, abinci ma sai in tura shi da ƙyar.

Ranar Juma'a matata ta zo awon ciki, muna zaune a inuwar asibiti ya sake kira. Ta karɓe wayar daga hannuna ta amsa. Ina jin muryarsa sama-sama. Ta saurara, ta ce to, ta ce Allah ya saka, ta kashe.

"Cewa ya yi tun ranar bai ji daɗin ransa ba," in ji ta. "Wai wani malamin makaranta zai tashi daga ɗaki biyu a Tudun Wada, ya hana a ba kowa sai ka gani. Yau kwana uku yana riƙe da makulli."

Kunya ta kama ni, amma tsoron bai tafi ba. Na ce mata in muka shiga, ai ya san inda muke kwana ke nan. Ta ce, "Duk inda muka zauna a garin nan wani zai sani. Ni dai ina son inda in na yi ihu za a ji."

Muka je muka gani. Gidan haya ne mai iyali bakwai, tsakar gidan ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, igiyoyin shanya sun sarƙe ta ko'ina. Bayi ɗaya ne, da safe sai an yi layi da buta. Ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa. Jikin bangonmu injin markaɗe ne, yana fara ruri tun an fito sallar asuba. Ta kowace kusurwa gida ne manne da gida, kafin ka kai bakin gari sai ka ratsa unguwa uku. A ranar na karɓi makulli. Dillalin ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa, na ce ba komai, ban kuma gaya masa abin da na zarge shi da shi ba.

Awakin sai sayar da su aka yi, don ba inda za a ɗaure su. Ranar da aka tafi da su kasuwar Tsafe matata ta shige ɗaki ta yi kukanta. Keken ɗinkin muka matse shi a bayan ƙofa. Maƙwabtanmu kusan duk irinmu ne, kowa da garin da ya baro, kuma ba mai tambayar wani dalilin tasowarsa.

Inna ce ta ƙi tasowa. Na roƙe ta, Kawu ya roƙe ta, ta ce ita ba ta barin ɗakinta da rumbunta ta zo ta bi layin bayi da jikokin wasu. Sai da matata ta haihu ta zo suna. Kwana biyar ta yi, ƙarar injin ta hana ta sakat, a na shida ta ɗaure kayanta. Na kai ta tasha da hantsi, na bar mota biyu suka tashi, sai da na ga motocin Tsafe na shigowa a jere sa'an nan na sa ta a ta uku, na karɓi lambar direban. Ban iya komawa wurin aiki ba. Na zauna a bencin mai shayi da waya a hannu, ina lissafa inda suka kai: yanzu sun fita gari, yanzu suna Kwatarkwashi. Na kira direban sau biyu ba ta shiga ba. A na uku ya ɗauka, ya ce ga Hajiya nan tana saukowa. Na ji muryarta daga nesa tana faɗa wa wani ya yi hankali da ƙullin kayanta, akwai kwalbar man ja a ciki.