Sumar Ba Komai

A wurin aiki Mai Almakashi suke ce mata, don ba ta rabuwa da ɗan almakashi a aljihun farar rigarta. Duk wanda ta gani, ƙeyarsa take fara kallo. Bincikenta a kan kotisol ne, sinadarin da jiki ke fitarwa idan mutum yana cikin damuwa. Jini damuwar yau kawai yake nunawa, amma gashi yakan ajiye ta wata da watanni. Da 'yan silin gashi ta nuna yadda aikin kwana ba hutu ke cinye ma'aikatan jinya, har asibitoci da dama suka gyara musu tsarin aiki. Akwai wadda ta taɓa tare ta a bakin titi, ta rungume ta tana hawaye.

Mijinta malamin firamare ne, kuma kaf unguwa Ba Komai ake kiransa. Ruwa ya ɗauke, ba komai. Taya ta yi faci, ba komai. Da mahaifiyarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki suka dawo da ita gidansu, shi ya ce zai ji da ita, kada aikin matarsa ya tsaya. Yana dawowa daga makaranta mai jinyar da suka ɗauka take tafiya. Shi ke ɗaga Inna, shi ke juya ta, shi ke ba ta abinci a baki, yana tsokanarta wai ta fi shi ci.

To, a ɗakin gwajin suna da wata ɗabi'a. Idan an kawo sabuwar na'ura, kowa sai ya kawo gashin wani nasa mai kwanciyar hankali, a fara gwadawa da shi. Mai Almakashi ko tunani ba ta tsaya yi ba. Ranar Asabar da hantsi ta samu mijinta yana shanya zanin gadon Inna.

"Baban yara, tsaya in ɗan taɓa ƙeyarka. Ka tara suma kamar ka san ina nema."

"Yanka, Dakta, ba komai. Amma in lambar yabo ta fito, rabi nawa ne."

Da sakamakon ya fito, cewa ta yi na'urar ce ba ta da saiti. Mai kula da na'urar ya ce na kowa ya fito daidai. Ta sake gwadawa da hannunta, amsar ba ta canza ba. Kotisol ɗin mijinta ya fi na ma'aikatan jinyar nan da ta yi suna a kansu.

Ta zauna tana tuna ƙeyarsa. Mutumin da ba ya mako bai yi aski ba, yaushe ya tara suma haka? Shagon askin ga shi nan bakin layi, amma wa zai bar wa Inna? Tsoro ya kama ta sosai, don ta san abin da wannan sinadari ke yi wa zuciya in ya daɗe, kuma ciwon zuciya ne ya tafi da mahaifinsa. Kunya ma ta kama ta. Ta leƙa ƙeyar mutane ba adadi, ta gidanta ce ba ta gani ba.

Ta bar aiki da rana tsaka. Ta tarar ya dawo daga makaranta, yana ɗakin Inna, riƙe da cokali.

"Kawo cokalin."

"Lafiya, Dakta? Na'urar ta ƙi?"

"Lafiyarta lau. Kai ne ba lafiya."

Ya yi dariya, ya buɗe baki. Ta ce, "Don Allah yau kada ka ce min ba komai."

Dariyar ta tsaya. Ya miƙa mata cokalin, ya zame ƙasa, ya jingina da gadon.

"Na gaji," ya ce a hankali, don kada Inna ta ji.

Ashe ta ji. Ta lalubo kansa da hannunta mai lafiya, ta shafa sumar nan, daidai inda almakashi ya taɓa. Maganarta ba ta fita sosai tun da ta kwanta, amma wannan kam dukansu sun ji ta.

"Tashi ka je ka yi aski, ɗan nan. Ba zan mutu kafin ka dawo ba."